Siginar da ke mutuwa da dare: bin diddigin matsalar wuta a wuyan sitiyari

Ƙorafi huɗu mai motar ya zo da su, kuma a ganinsa duk ciwo ɗaya ne. Sigina tana ɗaukewa, fitilun gaba suna dusashewa har su yi ja, hon yau ya yi gobe ya ƙi, ga kuma fitilar gargaɗin jakar iska, wato jakar da ke kumbura ta kare direba in an yi karo, ta kafe a dashbod ba ta mutuwa. Mota ce mai ƙofa huɗu, ƙirar tsakiyar shekarun 2000, ta ci hanya amma ba a wulaƙanta ta ba. Kafin ta iso hannuna an canza mata ƙwayayen sigina, an canza rilen da ke sa sigina ƙiftawa, daga ƙarshe aka cire makunnin da ke ɗauke da hannun sigina da na fitila ɗungurungum aka sa wani. Ta yi mako biyu lafiya lau, sai ciwo ya dawo sabo.

"Malam, ni dai a sa mini wani makunnin, amma wannan karon sabo dal. Wancan na hannu ne, shi ya sa bai jima ba."

Na ce, "Alhaji, a bar mini ita yini ɗaya tukuna. In makunnin ne, ni da bakina zan ce a sayo."

Ban taɓa ko sukudireba ba sai da na gama yi masa tambayoyi. Na tambaye shi ko da rana siginar ke ɗaukewa ko da dare. Ya ce yawanci da dare. Na ce yawanci ko kullum? Ya yi shiru yana tunani, sannan ya ce gaskiya bai tuna ta taɓa yi masa haka da rana ba. In ta ɗauke kuma ya danna maɓallin da ke kunna sigina huɗu gaba ɗaya, suna yi? Ya ce suna yi ƙalau, da su ma yake ceton kansa a mahaɗar hanya. Matsalar sigina da fitila ta kai wata shida. Ta hon da fitilar jakar iska kuwa ba ta wuce wata biyu ba, kuma da na matsa masa sai ya tuna cewa ta fara ne kwanaki kaɗan bayan an sauke rak ɗin sitiyari, wato ƙarfen da ke kai juyin sitiyari ga tayoyi, an gyara yoyon mai. Akwai kuma abin da bai faɗa ba, ni na gani da idona: mutum ne dogo mai jiki, da zai fita daga motar sai da ya ja ɗan hannun da ke ƙasan sitiyari ya ɗaga shi sama, ya samu hanyar fitar da ƙafa. Kullum haka yake yi. In zai tuƙa ya saukar da sitiyarin ƙasa, in zai fita ya ɗaga.

Tun a nan ƙorafin ya rabu gida biyu a kaina, kuma ginin wuyan sitiyari shi ma haka yake a rabe. Akwai kayan da ba sa juyawa: hannun sigina da fitila a gefe ɗaya, hannun waifa a ɗaya gefen, duk a ɗaure suke jikin wuyan, wayoyinsu suna sauka kai tsaye ta soket. Akwai kuma kayan da ke zagayawa tare da sitiyari: hon, jakar iska, da maɓallan rediyo in motar tana da su. Waɗannan ba za a ja musu waya miƙe ba, don juyi biyu za ta murɗe ta tsinke. Shi ya sa ake haɗa su ta wata siririyar waya mai faɗi kamar kintinkiri, a naɗe cikin akwatin roba mai kewaye, tana warwarewa tana naɗewa yadda sitiyari ya juya. Masu sana'a suna ce mata kulok-sifirin. Sigina da fitila ba sa bi ta cikinta, hon da jakar iska kuma ba ruwansu da makunnin sigina. Zama wuri ɗaya kawai ya haɗa su. Don haka ko da an kawo makunni daga masana'anta a leda, ba abin da zai yi wa hon.

Na fara da sigina. Yaron gareji ya kunna mota a tsakar rana, ya buga hagu, ya buga dama, komai yana ƙiftawa daidai, sau 80 zuwa 90 a minti, cikin abin da ƙa'ida ta yarda da shi, wato 60 zuwa 120. Ya ce, "Maigida, ai motar nan lafiyarta ƙalau." Na tabbata abin da wanda ya gabace ni ya gani ke nan: rana tsaka, fitilu a kashe, sitiyari a sama yadda mai motar ya bar shi. Na ce ya kunna fitilun gaba, ya saukar da sitiyarin har ƙasa kamar yadda Alhaji ke tuƙi. Yana saukarwa hasken da ke jikin bango ya yi ja, sigina ta ƙifta sau biyu ta yi tsit. Ya kashe fitila, sigina ta dawo. Ya kunna, ta mutu. Rabin aikin ya ƙare a nan, domin ciwon da kake iya kira ya amsa duk lokacin da ka so, ba zai ɓoye maka ba.

Sai taswirar wayoyin motar. Mutane da yawa suna ɗauka kowane makunni wuta yake karɓa daga batir ya miƙa wa fitila. A motoci da dama, har da wannan, abin a juye yake. Wutar batir tana zuwa ƙwan fitila ta fis da rile, makunnin kuma shi ke buɗe mata hanyar komawa jikin ƙarfen mota, wanda ke haɗe da ƙafar batir ta ragi. Wayar da ke wannan aikin ita ce wayar ƙasa. A taswirar, hannun sigina ba ya ɗaukar wutar ƙwayaye sam. Aikinsa kawai ya taɓa wata siririyar waya ta rilen sigina da ƙasa, rilen ya ga ƙarfin wuta a wayar ya faɗo kusan sifili, ya gane an ce hagu ko dama. Amma ɓangaren da ke zaɓar gajeren haske da dogon haske, shi duk wutar fitilun gaba ta cikinsa take komawa. Ƙwayaye biyu masu wat 55 kowanne, wat 110 ke nan, a batir mai bolt 12 wajen amfiya 9. Kuma dukkansu, ƙaramar siginar da babbar fitilar, ta ƙafa ɗaya suke fita daga soket, ta wayar ƙasa guda ɗaya tak. Maɓallin sigina huɗu kuwa a dashbod yake, da tasa wayar ƙasar daban. Ga dalilin da ya sa shi bai taɓa ƙi ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya wanke ƙwayaye da rile da fis tun farko, da an tambaya.

Yaron ya yi abin da kowa ke yi. Ya kashe mota, ya zare soket, ya sa mitar awon wuta a awon turjiya, wato yadda waya ke tare wa wuta hanya, ƙafa ɗaya a wayar ƙasa ɗaya a jikin mota. Mita ta yi ƙara, ta nuna om 0.5. Ya ce waya lafiya. Na ce ya haɗa ƙafafun mitar biyu da juna. Ta nuna 0.2. Ke nan abin da ya rage 0.3 ne ko ɗan sama da haka, lambar da ba wanda zai kalla sau biyu.

A nan mita ke yaudarar masu gyara, kuma ba laifinta ba ne, tambayar da aka yi mata ta amsa. In tana awon turjiya, wutar da take turawa cikin waya ba ta wuce 'yar mitsitsiya ba, dubu-dubu ƙasa da abin da fitila ke ja. Silin jan ƙarfe guda ɗaya da ya rage a cikin waya ya ishe ta ta ce hanya a buɗe take. Haka in tana awon bolt a wayar da ba a ɗora wa kaya ba: turjiyar cikin mitar zamani ta kai om miliyan 10, kusan ba ta jan komai, saboda haka za ta nuna maka bolt 12 cif a ƙarshen wayar da ba za ta iya kunna ƙwan fitila ɗaya ba. Gadar da ta ɗauki mai tafiya a ƙasa ba lallai ta ɗauki babbar mota ba. Waya sai an ɗora mata kayanta na gaskiya ake sanin lafiyarta.

Muka mayar da soket, muka tayar da inji, muka kunna fitila. Na sa mita a awon bolt, baƙar ƙafa a kan ƙafar ragi ta batir da doguwar waya, jar ƙafa kuma na zura siririn tsinke ta bayan soket na taɓa ƙafar wayar ƙasa, ba tare da na huda robar waya ba. Lafiyayyar wayar ƙasa bai kamata ta riƙe abin da ya wuce 0.1 zuwa 0.2 na bolt ba. Da sitiyari a sama, mita ta nuna 2.8. Yaron ya saukar da shi a hankali, lamba tana hawa, ta wuce 4, ta wuce 6, fitila tana ja. Lissafin mai sauƙi ne. Bolt 2.8 a wutar da asarar ta rage zuwa amfiya 8 yana nufin turjiyar wajen 0.35, daidai da abin da muka raina ɗazu. Zafin da ke taruwa a wurin kuma ya kai wat 22, kamar a ce an cusa ƙwan sigina mai wat 21 cikin robar waya an bar shi a kunne duk tsawon tafiyar dare. Siginar ita ma ta fito fili. Rilenta yana jiran ya ga sifili, amma in fitila tana kunne, abin da makunni ke miƙa masa da sunan ƙasa bolt 6 ne. A wurinsa ba a taɓa hannun sigina ba. Da rana kuwa, ba fitila ba kaya, 'yar wutar sigina tana wucewa ta silin da ya rage ba gardama.

Saura a san a wane taƙi asarar take. Na bi hanyar gaɓa-gaɓa, fitila na kunne. Daga ƙafar batir zuwa jikin mota, 0.04. Daga jikin mota zuwa zoben wayar ƙasa da ke ɗaure da noti a bayan dashbod, 0.03. Ta cikin makunnin kansa, daga inda wuta ke shiga zuwa inda take fita, 0.15. Duk waɗannan lafiya. Abin da ya rage kaf yana tsakanin soket da zoben, a waya guda da ba ta kai tsawon hannu ba. Kafin in yanka komai na ɗauko waya mai kauri na yi mata gada daga bayan soket zuwa jikin mota. Fitila ta yi fari tas, sigina ta ci gaba da ƙiftawa, sitiyari sama ko ƙasa. Ba na son yanke wayar mota a kan zato, gadar nan ita ce shaidata.

Da na kwance tef ɗin da ya naɗe wayoyin, na bi baƙar wayar da yatsa, sai na ji wani wuri kamar yatsu uku daga soket ya yi laushi. Na ɗan ja, robar ta miƙe kamar danƙo. Na tsaga ta: duk silin sun karye, uku kawai suka rage, su ma sun yi baƙi. Dalilin yana nan kusa. Maƙalin robar da masana'anta ta sa don wayoyin su samu sarari su lanƙwasa ya karye tun tuni, wani ya ɗaure su tamau da igiyar roba a jikin ƙarfen da ba ya motsi. Duk ɗagawa da saukarwar da Alhaji ke yi, a wuri ɗaya wayar ke tanƙwarawa, kamar yadda ake karya wayar ƙarfe da hannu. Sauƙin mako biyun da aka samu bayan canjin makunni kuwa, ba makunnin ya kawo shi ba. Cirewa da mayarwa ne suka motsa wayar, karyayyun silin suka sake haɗa baki na ɗan lokaci. An bar jaki ana dukan taiki.

Ba zan ɗora wa wanda ya canza makunnin laifi da yawa ba. Sau tari makunnin ne ke lalacewa. Man da ke cikinsa yana bushewa ya haɗu da ƙura, bakin jan ƙarfen ya yi tsatsa ko ya cinye, kuma a motocin da wutar fitila ke bi ta cikinsa har narkewa yake yi. Wanda ya ce makunni ne, sau da yawa zai dace. Sai dai dacewa daban, ganowa daban. Tsohon makunnin yana nan a but, na buɗe shi: cikinsa sumul, amma robar da ke kewaye da ƙafar ƙasa ta yi ruwan ƙasa-ƙasa saboda zafin da ke tahowa ta waya. Alamar tana hannunsa lokacin da ya cire shi.

Gyaran bai ɗauki lokaci ba, amma yana da ƙa'ida. Na yanke ɓangaren da ya ƙone har na kai inda jan ƙarfen ke sheƙi, na sa sabuwar waya mai kauri ɗaya da ta asali, mai silin da yawa don ta jure lanƙwasa. Ƙafar soket ma na canza ta, domin ƙarfen da ya sha zafi ƙarfin matsewarsa yana tafiya. Mahaɗin na kai shi can ƙasa inda waya ba ta motsi. Wurin da aka liƙe da dalma sandarewa yake yi, in ka bar shi a inda ake tanƙwarawa ka ƙera sabon wurin karyewa da hannunka. Na rufe da robar da ke tsukewa da zafi, na bar wa wayoyin ɗan sako-sako, na maƙale su inda aka tanada. Awon ƙarshe, fitila a dogon haske, sitiyari sama da ƙasa sau ashirin: 0.09, ba ta motsa ba.

Sai ɓangare na biyu, wanda ke da haɗari. Na haɗa na'urar karanta kwamfutar mota a soket mai ƙafa 16 da ke ƙasan dashbod. Kwamfutar jakar iska ta ce hanyar jakar direba a yanke take. Hon kuma yana yi in tayoyi na miƙe, yana ɗaukewa da zarar an karya sitiyari hagu. Abu biyu da ke bi ta kulok-sifirin, dukkansu suna canzawa da juyi, kuma sun fara bayan an sauke rak. Naɗaɗɗiyar wayar nan juyi biyar ne kacal a cikinta, kusan biyu da rabi kowane gefe daga tsakiya. In aka raba wuyan sitiyari da rak ba a kulle sitiyarin ba, ya zagaya sau ɗaya ba a lura ba, za a mayar da shi ya yi kamar daidai yake, alhali wayar ta goce daga tsakiyarta. Ranar da direba ya karya sitiyari har ƙarshe, sai ta ɗame ta tsage.

Na cire ƙafar ragi ta batir na jira. Littattafan gyara na wasu motoci sun ce daƙiƙa 90, wasu sun fi haka, saboda kwamfutar jakar tana da ɗan rumbun wuta da ke iya tayar da ita ko ba batir. Ni nakan jira fiye da abin da aka rubuta. Na cire jakar na ajiye ta fuskarta na kallon sama, nesa da mu. Yaron ya miƙo hannu da mita zai auna ta, na riƙe shi. Abin da ke tayar da jakar siririyar waya ce mai turjiyar om 2 zuwa 3, kuma mita wuta take turawa in tana awo. Ba a auna jaka, ba a kai fitilar gwaji kusa da soket masu launin rawaya. Wayar da ke kai mata saƙo ake aunawa, bayan an raba ta da jakar da kwamfutar. A irin wannan motar soket ɗin da ke ƙasan kulok-sifirin yana da ɗan ƙarfe da ke haɗe ƙafafunsa biyu da kansa in an zare shi, don haka daga sama kawai na auna, wuta ta je ta dawo. Ya kamata ta tsaya ƙasa da om 1 duk inda aka juya. Tamu ta nuna a yanke, sai a wani wuri ɗaya ta ɗan haɗa ta saki. Layin hon kuma yana haɗe a tsakiya, yana yankewa a hagu.

Alhaji ya ce an taɓa gaya masa akwai wata 'yar dabara da ake sawa fitilar gargaɗin ta mutu. Na san ta. Ƙaramin abin turjiya ne da ake maƙalawa a soket, kwamfuta ta ɗauka jaka ce. Fitila za ta mutu, amma ranar da aka yi karo saƙon zai ƙare ne a cikin wannan ɗan abin, jakar tana kwance. Na ce, "Alhaji, fitilar nan gaskiya take gaya maka, ba zan rufe mata baki ba." Liƙe kintinkirin da dalma shi ma ba gyara ba ne. Sabo muka sa. Ya zo a kulle a tsakiyarsa da ɗan maƙalin roba, ban cire maƙalin ba sai da na daidaita tayoyi suka miƙe sak, na ɗaure shi a mazauninsa. Da na hannu ne, sai an juya shi a hankali har ya tsaya, a dawo da shi juyi biyu da rabi ko abin da aka rubuta a jikinsa, a haɗa alamun.

Da motar ta fi wannan sabunta, da hanyar binciken ta ɗan canza. A sababbin motoci hannun sigina ba ya ɗaukar wutar komai, saƙo kawai yake ba wata ƙaramar kwamfuta, ita kuma ta aika wa ta jikin mota ta layin sadarwa. A can sai ka buɗe na'ura kana kallon allo kana motsa hannun: in allo ya ce hagu amma fitila ba ta kama ba, makunni ya fita daga zargi. Maɓallan sitiyari kuma kowanne da turjiyarsa a kan waya ɗaya, shi ya sa ɗan datti kan sa ka danna ƙara murya rediyo ya canza tasha. Yawancinsu ma suna da na'urar auna kwanar sitiyari a wurin, wadda sai an sake saita ta bayan aiki. Tamu ba ta da wannan.

Na mayar da jaka, na haɗa batir ba kowa a kujerar direba, na goge tsohon rahoton kuskure. Fitilar gargaɗi ta kama na 'yan daƙiƙu kamar yadda ya kamata, ta mutu. Na jira duhu ya yi muka fita da Alhaji, shi ke tuƙi, sitiyari a ƙasa yadda ya saba. Ya buga sigina hagu da dama da dogon haske a kunne, ya karya sitiyari har ƙarshe ta kowane gefe yana danna hon. Da muka dawo ya ja ɗan hannun nan ya ɗaga sitiyari zai fita, sai ya tsaya ya dube ni. Na ce ya ci gaba da ɗagawa, don haka aka yi shi, yanzu wayar tana da sarari. Tsohon makunninsa na goge shi na sa masa sabon mai, na naɗe a tsumma na mayar masa but.